Renon ɗiya a lokacin jinyar kansar mama: abin da iyalai a Damagaram ya kamata su sani

Kansar mama, wadda wasu ke ce wa sankarar nono ko ciwon daji, ita ce kansar da ta fi kama mata a Nijar. Rajistar masu kansa da ake riƙewa a Yamai tun 1992 haka take nunawa, kansar bakin mahaifa na biye mata. A duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano ciwon a jikin mata miliyan 2 da dubu 300, dubu 670 suka rasu.

A ƙasashenmu da yawa daga cikin matan da ciwon ke kamawa ba su kai shekara 50 ba. Ke nan akwai yara a gabansu, wata ma da goyo a baya. Cibiyar binciken kansa ta OMS da ke Liyon a Faransa ta lissafa cewa a 2020 kaɗai yara kusan miliyan 1 suka rasa uwa saboda kansa, kashi ɗaya cikin huɗu kuma kansar mama ce sanadi. Shi ya sa maganar jinyar uwa ba ta rabuwa da maganar ƴaƴanta, musamman ɗiya mace, domin a gidajenmu in uwa ta kwanta, kan ɗiya tukunya da tsintsiya da goyon ƙanne ke faɗawa, ko shekararta nawa.

Yadda jinyar take, da tsawonta

Duk shirin da za a yi wa yarinya yana rataye da sanin tsawon jinyar, don haka mu fara da nan. Mace in ta ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko ta ga fatar ta canza, ko kan nono ya shige ciki ko yana fitar da jini, ƙofar farko ita ce CSI ta unguwa ko ta gari. Daga nan a tura ta asibitin gunduma, ko Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro, CSME, ko Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram. Za a yi hoto, sannan a ɗebi ɗan tsoka daga ƙullutun a auna. Wannan awon, biyopsi, shi ne ke tabbatar da ko kansa ce. Yawancin ƙullutun mama ba kansa ba ne, amma ido da hannu ba su iya rarrabewa.

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane, cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Maganar nan ta kashe mata da yawa. Abin da ke faruwa shi ne ana kai mace asibiti bayan an share wata da watanni wajen shafe-shafe da sakiya da tsaga, ciwon ya riga ya yi nisa, sai ta rasu bayan aiki a ce wuƙa ce. OMS na son a kammala duk awon cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti.

In an tabbatar, magani yakan haɗa abu uku ko huɗu. Akwai aikin tiyata, a cire ƙullutun ko maman gaba ɗaya tare da kaluluwar hammata. Akwai ƙarin ruwan maganin kansa, shimiyo, wanda galibi ake sawa duk kwana 21, sau 6 zuwa 8, wato wata huɗu zuwa shida. Akwai gashi da na'ura, radiyoterapi, kullum daga Litinin zuwa Juma'a har mako uku zuwa biyar. Wasu matan kuma a ɗora su kan ƙwaya irin su tamoxifène ta shekara 5, wani lokaci har 10. In aka haɗa, jinya mai nauyi takan ci wata takwas zuwa shekara guda. Kun ga ke nan shekarar lakwal ce sukutum.

Gashin na'ura a Nijar sai Yamai, a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa, CNLC, wadda ta soma wannan aiki a 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai an fita waje. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, wuni guda cur a cikin bas. Wasu iyalan kan gwammace su bi ta Matamai ko Magarya su tsallaka Kano ko asibitin Shika a Zariya, don ya fi kusa, sai dai can komai da kuɗi ne.

A faɗa mata ko a ɓoye?

A faɗa mata. Wannan ita ce shawarar masu kula da yaran masu kansa kusan ko'ina, kuma mu ma nan muka tsaya. Yarinya ƴar shekara shida ta san an daina dariya a tsakar gida, ta ga gwaggo ta zo daga ƙauye ba biki ba suna, ta ji an yi shiru da ta shigo ɗaki. In ba a ba ta bayani ba, za ta ƙera nata, kuma nata ya fi muni. Ƙananan yara da yawa kan ɗauka su suka jawo ciwon, don sun yi rashin ji ko sun taɓa cizon nono. In kuma ta ji a wajen ɗibar ruwa daga bakin ƴar maƙwabta, tare da ƙarin cewa jifa ne ko sammun kishiya, to an haɗa mata tsoro da gaba a gida ɗaya.

Ƴar ƙasa da shekara shida magana gajera ta ishe ta, sai dai a yi ta maimaitawa: Inna ba ta da lafiya a nan, likita na ba ta magani mai ƙarfi, wani lokaci za ta kwanta, Iya ce za ta yi miki wanka ta ba ki abinci. Abin da ya dame ta a wannan shekaru shi ne wa zai kwana da ita.

Ƴar shekara 7 zuwa 12 a kira mata sunan ciwon. A gaya mata abu uku, ko ba ta tambaya ba: ba ke kika jawo shi ba, ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya ko kwanciya tabarma ɗaya, kuma ga wanda zai kula da ke. In ta ce, “Inna, mutuwa za ki yi?” kada a daka mata tsawa, kada kuma a rantse mata da abin da ba a sani ba. Uwa na iya cewa: “Ciwon babba ne, ɗiyata, amma ana warkewa, shi ya sa nake shan wahalar maganin nan. Rai na hannun Allah. In wani abu ya canza, ni da bakina zan faɗa miki.” Kuma ana warkewa ɗin da gaske. A ƙasashen da ake gano ciwon da wuri ana kuma kammala magani, fiye da mata 9 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara biyar.

Budurwa kuwa ta riga ta bincika a wayar ƙawarta, ta ga hotunan da ba su kamata ta gani ita kaɗai ba. Ita a zauna da ita kamar babba, a nuna mata takardun randebu, a bar ta ta raka uwar asibiti sau ɗaya in tana so, ta yi wa likita ko ungozoma tambaya da kanta. Kada a yi mamaki in ta zama mai fushi, ko ta riƙa daɗewa a gidan ƙawaye. Sau da yawa tsoro ne ya sa wannan riga.

Akwai wani abu namu da littattafan Turawa ba su san da shi ba, wato kunyar ɗan fari. Uwa da yawa ba ta kiran sunan ɗiyarta ta fari, ba ta sakewa da ita a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta yi mata maganar mama. Wata ma a hannun kaka ta tashi. To ita ɗin ce kuma aka fi jibga wa aikin jinya. Ba sai an karya al'ada ba: a samo wadda yarinyar ke sakewa da ita, kaka ko ƙanwar uwa ko gwaggo, ta yi bayanin, uwar na zaune a wurin. Abin da bai dace ba shi ne a bar ta tana wanke tsumman ciwo wata uku ba wanda ya ce mata ga sunan abin da take wankewa.

Makonnin shimiyo a cikin gida

Shimiyo na da tsari, kuma in aka gane shi gida ya fi sauƙin tafiyarwa. Kwana uku zuwa biyar na farko bayan ƙarin ruwa su ne na tashin zuciya, amai da kasala. Daga kwana na 7 zuwa na 14 ƙwayoyin jinin da ke kare jiki sukan yi ƙasa ƙwarai. Mako na uku mace kan ɗan dawo hayyacinta, sai kuma a koma. A sa alama a kalanda, yarinya ta gani. Makon sauƙin nan shi ne na kitso, na hira, na duba littafin lakwal, na zuwa kasuwar Dole tare in ƙarfi ya samu.

Gashi kan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan ƙarin ruwa na farko. A waje ɗankwali da hijabi sun rufe, amma ɗiya a ɗaki ɗaya suke kwana, ita za ta fara ganin gashi a kan matashi. A gaya mata tun kafin ya zuba, a kuma gaya mata zai tsiro bayan an gama. Haka farce da tafin hannu kan yi duhu, wani maganin mai launin ja kan sa fitsari ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu. Duk aikin magani ne.

Abin da kowa a gidan, har yarinya mai wayo, ya kamata ya haddace shi ne zazzaɓi. In zafin jikin mai shan shimiyo ya kai 38, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne, a kuma faɗa musu tana kan shimiyo. Kada a ce masassarar damina ce a sayi ƙwaya wajen mai tallar magani a jira gari ya waye. A sayi ma'aunin zafi a ajiye, kuɗinsa kaɗan ne. A kwana cikin gidan sauro. Yaron da ya fito da ƙyanda ko ƙarambau a raba masa ɗaki da uwar, a sanar da likita. Rigakafin yara a ci gaba da shi. In an ɗiga wa jariri na shan inna a baki, wata ta riƙa wanke masa kashi na ƴan makonni, a kuma dage da sabulu.

Rungumar uwa, kwanciya a jikinta, cin tuwo tare, duk babu laifi. Ko gashin na'urar ma ba ya barin komai a jiki da zai taɓa yaro. Sai dai a kwana biyun farko bayan ƙarin ruwa akwai ragowar magani a amai da fitsari, don haka wankin fo da zanen da ya ɓaci aikin babba ne, da safar hannu. Haka wankin ciwo. Ƴar shekara goma na iya kawo ruwa, ta yi fifita, ta tuna wa uwa lokacin ƙwaya. Wannan ya ishe ta, kuma yana sa ta ji tana da amfani.

Bayan tiyata, hannun ɓangaren da aka cire kaluluwa kan iya kumbura, wani lokaci bayan watanni. Likita zai nuna motsa hannu da za a riƙa yi, aiki kuma a koma masa sannu a hankali. Daka, surfe, jan guga da ɗaukar bido ba na makonnin farko ba ne. Bido mai lita 25 kilo 25 ne, kuma duk ɗan Damagaram ya san abin da ruwa ke nufi a watannin zafi. Tambayar ita ce wa zai ɗauka. In ba a zauna an yanke ba, amsar kullum ita ce ƴar yarinyar nan. Kuɗin ɗan garuwa da na injin niƙa a sa su cikin lissafin jinya tun farko, kamar kuɗin magani. Ƴan'uwanta maza su ma suna da hannu, kuma ba a taɓa jin ɗibar ruwa ta rage wa namiji komai ba.

Mai goyo

Ba a shayarwa ana shan shimiyo ko tamoxifène, domin maganin na bi ta nono. Yaye na dole ke nan, kuma yana da zafi ga uwa da ɗiya. In jaririyar ba ta kai wata shida ba, a je CSI a tsara abin da za a ba ta kafin ranar ƙarin ruwa na farko, kada a fara da kunu ko madarar shanu tsura. In ta wuce wata shida, kunu mai haɗi da sauran abinci, ana kai ta awo a kai a kai don kada tamowa ta shigo ta bayan gida. Nonon da ta riga ta sha kafin a gano ciwon bai sa mata kansa ba, uwa ta cire wannan daga ranta. Ɗaukar ciki a lokacin magani haɗari ne, wannan kuma magana ce da za a yi da likita, maigida na zaune.

Lakwal, talla da aure

Nan ne jinya ta fi yi wa ɗiya ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ana cewa ta zauna gida mako biyu har uwar ta ji sauƙi, mako biyu ya zama zango guda, shekara ta tafi, ba ta koma ba. Ko kuma sana'ar uwa ta tsaya, sai a ɗora wa yarinya faranti ta fita talla don a sami na cefane. Daga nan sai wani a dangi ya kawo shawarar a aurar da ita, wai uwar ta ga ɗakin ɗiyarta kafin ta cika. A Nijar, inda ƙididdigar UNICEF ta nuna mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin shekara 18, wannan shawara ba ta wuyar samun masu goyon baya. Amma ku duba: an yanke wa mai jinya hukuncin mutuwa tun likita bai yanke ba, an kuma raba ta da ɗiyar a lokacin da suka fi bukatar juna. Tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati ta kare karatun ƴaƴa mata. Mu dai a ganinmu, ko babu doka, auren da aka ɗaura don tsoron makara an gina shi a kan rairayi.

Uba ko wani babba ya je ya ga darektan makaranta da malamin ajinta tun makon farko, ya faɗi gaskiya, ya roƙi a rufa asiri. Malamin da ya sani ba zai kore ta don makara ba, zai kuma lura in ta fara gyangyaɗi ko kuka a aji. Haka malamin makarantar allo ko Islamiyya. In shekarar BEPC ce ko ta BAC, a nemo wata babba daga dangi ta zo ta zauna a gidan daga Afrilu har a gama jarrabawa.

Lokacin tafiya Yamai, ƴar rakiya ta zama babbar mace. Ɗiya ta zauna inda lakwal ɗinta yake, a hannun mutum ɗaya da aka ambata da suna, ba a riƙa yawo da ita gida-gida ba. In a hannun abokiyar zama za a bar ta, maigida ya faɗa a gaban kowa, ya kuma ajiye kuɗin abincinta, don kada abin ya zama gori. Kishiyoyi da yawa sun riƙe ƴaƴan mai jinya tamkar nasu, ba a dai cika ba da labarinsu ba ne. A tsayar da lokacin waya, misali kullum bayan isha'i, ko minti biyu ne. A faɗa wa yarinya ranar dawowa, in ta ɗaga a sanar da ita dalili.

Kuɗi da kayan ɗaki

Tun 2007 doka ta ce kulawar kansar mata kyauta ce a asibitocin gwamnati. A tambaya, a nemi haƙƙin nan, a je ofishin jin daɗin jama'a na asibiti. Amma kuɗin bas, masauki, abinci, da maganin da ya yanke sai an saya a farmasi, duk daga aljihu suke fita. A nan mata da yawa ke tsayawa a ƙarin ruwa na uku ko na huɗu, ƙullutu ya ragu, sai su ce sun warke. Wata kuwa tana da akuya da kwanoni da ƴan kunnen zinariya, amma ta ce na kayan ɗakin ɗiyarta ne, ba ta taɓawa. A sayar. Kwano ana sake saye. Shimiyo da aka yanke a tsakiya kuwa ciwon kan dawo da ƙarfinsa, shi ya sa OMS ta sa burin aƙalla mata 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu. Adashe da asusun ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka faro a jahar Maradi a 1991, suna da bashin gaggawa a wurare da yawa, kuma ba abin kunya ba ne mace ta nemi a ba ta kwasarta kafin layinta.

“Ni ma zan kamu?”

Ko ba ta furta ba, tana tunaninsa, musamman in ta fara ƙirgar dangi. A wannan lokacin mama ɗaya kan riga ɗaya fitowa, da ɗan tauri da zafi a ƙarƙashin kan nono. Girma ne. Kada a matsa, kada a kai wa wanzami. Kansar mama a jikin ƴar shekara goma sha abu ne mai wuyar gaske, ƙullutun ƴan mata kusan duka marasa illa ne, ko da yake a nuna wa ungozoma don hankali ya kwanta.

Wadda ake gada kai tsaye ta jini kashi 5 zuwa 10 ce cikin 100, kuma tana iya biyowa ta wajen uba kamar yadda take biyowa ta wajen uwa. Ɗiyar mai kansar mama haɗarinta ya ɗara na sauran mata, amma mafi yawansu har su tsufa ba sa kamuwa. Abin da uwa za ta bar mata shi ne sani: shekarar da aka gano ciwon, da kofin takardar biyopsi, a ajiye tare da takardar haihuwarta. In ta girma ta nuna wa likita, domin likitoci da yawa kan fara duba irin waɗannan matan shekara 10 kafin shekarun da ciwon ya kama uwarsu.

In ciwon ya yi nisa

Wani lokaci likita zai ce ba a iya kawar da shi, sai dai a rage masa gudu. Har a nan akwai magani, na zafi, har da morfin, kuma neman sa ba gazawar imani ba ce. Yarinyar da ke kwana tana jin nishin uwarta ita ma ana yi mata jinya in aka kashe zafin.

Alƙawarin da aka yi mata na faɗin gaskiya, nan ne ake cika shi, a hankali, da wani babba da ta yarda da shi a kusa. Maganar riƙo kuma a yi ta uwar na da bakin magana. A fiƙihun Malikiyya kakar wajen uwa ce ke gaba wajen renon yaro in babu uwa, ƴan'uwan uwa mata na gaba da na uba, alhali a al'ada sau da yawa dangin uba ke ɗauka. Saɓanin nan ya sha raba zumunci a zaman makoki. A kira uban yarinya, da babba ɗaya daga kowane ɓangare, da limamin unguwa, uwar ta faɗi wadda take so ta riƙe mata ɗiya, da abin da ta bar mata na kaya ko dabba, da cewa a bar ta ta ci gaba da karatu. A rubuta, shaidu su sa hannu, a ba wadda za ta yi riƙon kofi ɗaya tare da takardar haihuwar yarinyar da katin rigakafinta.